Keken Baba Mai Dogon Wuya

Wata Asabar ce da hantsi, cikin bazarar shekarar da na shiga aji uku na firamare, Baba ya tsaya da keke a kan hanyar Maradun ya kasa sauka. Ina zaune a bayansa kan kariya, na rungume ƙunshin cefanen kakata Iya: goro a naɗe cikin ganye, da gishiri, da kalwa, da sabulu. Ƙafarsa ɗaya a ƙasa, hannuwansa a kan keke, bayansa a tanƙware kamar mai ruku'u, gumi na ɗiga daga gemunsa. Na ɗauka sarƙa ce ta zame, har na fara mita, don ni a lokacin bakina ba shi da birki. Sai na ji ya ce a hankali, "Habi, sabka ki riƙe man keken ga." Na sauka na riƙe, ya zame da ƙyar ya kwanta rigingine a gindin wata tsamiya. Ban taɓa ganin mahaifina kwance a ƙasa da rana tsaka ba. Da ya samu ya miƙe, Mafara muka juyo, ni ina tura keke, shi yana dafe da kafaɗata.

Mu asalinmu ba mutanen Talata Mafara ba ne. Ƙauyenmu yana ƙasar Maradun, a bakin gulbi, kuma da aka datse ruwa a Bakolori, gonakinmu da gidajenmu na cikin waɗanda ruwan ya shanye. Baba ya kwaso mu, ni da Inna da ƙannena, ya shiga aikin leburanci a wajen gina magudanan ruwa. Dakon siminti da haƙa a sunkuye tun safe har la'asar su suka cinye masa baya. Mu yara kuwa ko a jikinmu, duniya sabuwa muka samu. Mu share tsakar gida, mu kai wa awaki harawa, mu tafi makaranta kowa da tsintsiyarsa a hammata, in an tashi mu zarce bakin magudana muna wanka a sace, mu dawo idanu jajur muna rantsuwar ba mu je ba. Da yamma in kai tallan ƙosan Inna, in ajiye faranti in shiga gaɗa, har sai ƙosai ya huce.

Iya ita ce ta ƙi biyo mu. Ta zauna a sabon matsugunin da aka yi wa mutanenmu a kan tudu, inda take hango ruwan, don a ƙarƙashinsa kabarin kakanmu yake. Saboda haka Baba ya ɗora wa kansa al'ada: ya yi mata cefane ranar kasuwar Talata, ya kai mata da kansa ranar Asabar, ko ana ruwa ko ana rana. Ya kan ce, "Zumunta a ƙafa take." Abin da ya fi ba ni dariya a lokacin shi ne, duk wannan wahalar da yake sha, ko kallonsa Iya ba ta yi. Shi ne ɗanta na fari, kuma matan zamaninsu suna kunyar ɗan fari: ba ta kama sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta yi masa magana baki da baki. In mun isa, ya durƙusa a kan tabarmar da ta shimfiɗa a gindin bishiyarta ta dalbejiya, ya yi doguwar gaisuwa, ita kuwa ta juya baya tana tankaɗe tana amsawa kamar da bango take magana. Duk abin da take so ya ji, ni take gaya wa, tana kiransa "baƙonki".

Bayan ranar tsamiyar nan, tafiya ta yanke. An yi gashi, an sha saiwoyi, an je asibiti, ciwon ya lafa har yana iya zama da tafiya, amma da ya miƙa hannu zai kama kan keke sai bayan ya riƙe. Motar kasuwa kuwa a cunkushe ake zama cikinta a duƙe, ga gargada, kuma ba ta kaiwa har tudun su Iya. Sai ya koma aika cefanen ta hannun wani maƙwabcinmu mai sayar da albasa, ya kuma hana a ce ba shi da lafiya, wai kada hankalin tsohuwa ya tashi. Iya ta karɓi gishiri da sabulu, ta mayar da goro. Sati na biye ma haka. Na ga Baba ya buɗe ganyen ya kalli goron nan ya daɗe, sannan ya miƙa wa Inna. Ya ba ni tausayi ƙwarai, don ya gane saƙon: ita a ganinta ya shiga birni ya manta da ita.

Da aka ba da hutu, mai albasa ya kai ni wurinta. Kwanakin nan na yi su cikin daka da ɗebo ruwa da faɗan wasa, tana ce mini malalaciyar birni, ina ce mata tsohuwa mai rowar fura. Amma ranar Asabar tun da safe na ga ta share gindin dalbejiya ta shimfiɗa tabarma, wai kuka za ta shanya. Har rana ta faɗi ban ga kuka ba, sai leƙen hanya da take ta yi. Zuciyata ta kasa ɗauka, na ce mata kai tsaye, Baba bayansa ne ya lalace, ba ya iya sunkuyawa, ko ruku'u a zaune yake yi. Ta tashi ta shiga ɗaki kamar ba ta ji ni ba. Ranar da zan koma gida sai ta miƙo mini gammonta, wanda take ɗaukar tulu da shi, ta sake cusa masa audugar rimi ta ɗinke da baƙin zare. Ta ce, "Ungo, a aza ma sirdin keken ku. Keken anka ba, ba wani ba."

Baba ya karɓi gammon nan ya yi ta juya shi a hannu. Inna ce ta kawo shawara, ta ce ta lura in yana zaune a kan kifaffen turmi ba ya cije leɓe, to me zai hana keken ya zo wurinsa, maimakon shi ya je wurin keken? Mai gyaran keke na bakin kasuwa ya gwada, ya ɗago kan keken iyakar tsayinsa ya sauke sirdi, amma har yanzu da sauran duƙawa. Sai aka loda keken da mu a mota zuwa Bakura, wurin Ɗan-Ali maƙeri, abokin Baba tun suna yara. Ɗan-Ali ya sha dariyarsa ya ƙoshi, sannan ya kife turmi ya zaunar da Baba a kai, ya ba shi karan dawa ya riƙe a gabansa kamar mai riƙe linzami, ya ce ya matsa da shi har inda ya ji daɗi. Da wani karan ya auna tazarar. Ya samo guntun bututun ƙarfe cikin tarkacen da ake sayarwa daga wajen aikin ruwa, ya ƙara wa wuyan keken tsawo, ya gasa hannuwan a wuta ya lanƙwaso su baya har suka zo daidai cikin Baba. Sandunan birki suka gaza, ya ƙera masu tsawo. Ni ce na ja zuga-zugi har hannuna ya yi tsami, kuma ni na ɗaure gammon Iya a kan sirdi da igiyar rama.

Keken da ya fito bai yi kyau ba, gaskiya. Yaran unguwarmu suka sa masa suna raƙumi, suna bin mu da tafi. Manya kuma wasu suka ce tun da ya ci kuɗin kamfanin aikin ruwa ya fara tafiya ƙirji a gaba kamar hakimi. Ni na so in rama, har na ɗebi tsakuwa, Baba ya ce in zubar. Ga shi ba ya sauri, iska tana dukan ƙirjin mai shi, a hawa kuma sai mun sauka mun tura. Amma ranar Asabar muka wuce tsamiyar nan bai tsaya ba. Ina bayansa na jingina kunci da rigarsa, bayan nan a miƙe sambal, muna ratsa gonakin shinkafa da dawa, yana ta kaɗa ƙararrawa ba dalili.

Tun daga nesa na hango Iya a bakin darni, hannu a goshi. Da ta tabbatar mu ne, sai ta shige ciki da sauri ta ɗauki rariya. Muka shiga da sallama. A gindin dalbejiya babu tabarma ranar, turminta ne a kife, an share ƙasansa an yayyafa ruwa. Baba ya tsaya yana kallon turmin, sannan ya dafa bishiya yana ƙoƙarin durƙusawa kamar yadda ya saba. Iya ba ta waigo ba, ta ce, "Habi, hwaɗa ma baƙonki shi zamna. Gaisuwatai ta iso tun daga bakin hanya." Ya zauna a kan turmin. Na miƙa mata ƙunshin, ta zaro goro ɗaya ta fasa, ta jefa rabi a baki ta ba ni rabi in kai masa.

Yau Iya da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya. Hanyar Maradun babura ne ke keta ta, kowa a sunkuye yana gudu, kuma akwai ƙauyukan da ba a zuwa sai an tambayi lafiyar hanya. 'Ya'yana suna kirana a waya, ni ma ina kama sunan ɗan farina ba ko kunya, har in ce masa ina kewarsa. Keken yana jingine a zauren ƙanena, tayoyin sun ruɓe, gammon ya zama tsumma. In na je na kan taɓa shi, in tuna matar da ba ta taɓa ce wa ɗanta sannu ba, amma ta kife masa turmi.