Ƙasar da Aka Zuba wa Damin Kara

A shekarun da jiragen ruwa ke hawowa Binuwai har Garwa da damina, su sauke gishiri su ɗauki auduga, ina da maƙwabci mahauci, mutum mai kawaici, wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci. Ɗansa na fari yana dako a tashar jiragen. Wata damina ya zame daga kan katakon da ake hawa jirgi, ruwa ya tafi da shi, aka yi ta nema har kogi ya janye ba a ga gawa ba. Uban ya tambaye ni ko za a yi masa salla. Na faɗa masa abin da na karanta a gaban malamaina, cewa a mazhabarmu ba a sallatar wanda babu gawarsa. Ya ce, "To, Malam." Tun daga ranar bai sake ambaton yaron ba, kuma idan aka kai mamaci maƙabarta, daga baya yake tsayawa, ba ya taɓa ƙasa.

'Yarsa tana koyarwa a lekol, wato makarantar boko, tana kuma cikin wata 'yar ƙungiya ta malamai da akawuna masu wasan kwaikwayo a wani tsohon sito na auduga. Wata rana ta zo zaurena ta durƙusa.

"Baba Malam, wasan mutanen Yunan za mu yi."

"Da ilimin manɗiƙi da na likitanci na san Yunanawa. Ashe har wasa suna yi?"

"Sarki ne ya hana a binne wani saurayi, ƙanwar saurayin ta ƙi ji. Ni ce ƙanwar. Baba ya ce ba ya kallon shiririta, amma in kai ka je zai bi ka."

Na daɗe ina juya maganar, ina mamakin yadda mutanen da ba a saukar wa Littafi ba suka san haƙƙin mamaci a kan rayayyu. Na je, maƙwabcina ya biyo ni, abokan sana'arsa suka biyo shi.

Bayan la'asar ne. Hasken rana yana zubowa ta hudojin kwano, ƙurar auduga tana iyo a cikinsa. Waɗanda suka fito a matsayin dattawan birni sun yafa zannuwan gado, suna magana baki ɗaya, rabi Fulatanci rabi Faransanci, murya na hawa tana sauka kamar ta masu tilawa, har na rasa ko a Garwa nake ko a wani birni da na taɓa ratsawa a gefen shafin littafi. Gawar kuwa damin karan dawa ce, an naɗe ta da farin alawayyo.

Yarinyar ta fito da ƙwarya cike da rairayin kogi, ta durƙusa, ta cika hannu. Sai na ji maƙwabcina ya miƙe. Ya tuɓe takalmansa, ya taka a hankali har inda take.

"Matsa, 'yata. Mace ba ta zuba ƙasa alhali uba yana raye."

Ya ɗiba da hannu biyu sau uku, yana karanta ayar da ake karantawa a bakin kabari, kuma a ta ƙarshe ya kira sunan ɗansa. Mahauta suka tashi suka yi layi a bayansa kamar yadda aka saba. Mai fitowa a sarki, wani akawu ɗan kudu, ya tsaya da kambinsa na kwali yana duban shugaban ƙungiyar, daga bisani ya cire kambin ya shiga layi. Rairayi ya ƙare, wasan bai ci gaba ba, babu kuma wanda ya nemi a ci gaba.

A hanya wani dattijon mahauci ya matso kusa da ni.

"Malam, abin nan da muka yi ya halatta kuwa?"

Na ce masa kara ne da yadi, ba a kuma yi salla ba. Ya dubi hannuwana, ya ga rairayi a tsakanin yatsuna.

Ba a jima ba wani tsoho ya rasu a unguwarmu. Da aka sauke makara a bakin kabari, liman ya nemi wanda zai shiga ya karɓi gawa. Maƙwabcina ya naɗe hannun rigarsa, ya sauka.