Hannun Hagu a Kan Taɓarya

Shekarun nan da ruwa ya ɗauke gero bai yi ido ba, mu mata shida muke tafiya sussuka gidan wani mai noman rani ta wajen Watari. Ni ce babba. Ban yi boko ba, amma turmin da na tsaya a kansa ba ya kwana da aiki. Ladanmu kwanon hatsi ne kowace mace, in mun gama damin ranar.

Akwai wata bazawara a cikinmu, 'ya'yanta uku, ba ta da kowa. Lugude muke yi, uku a turmi, taɓarya na bin taɓarya. Tata kullum a makare take sauka, ta kaure da ta wata. Kwana biyu muna barin saura, maigidan ya fara ɓata rai.

Ƙanwar mijina, mai bakin tsiya, ta ce, "Yaya, ki sallame ta. Wannan ko sauro ta daka sai ya tashi."

Aka yi dariya. Na san in na kori bazawarar nan, tukunyarta ba za ta hau murhu ba.

Da azahar muka zauna shan fura. Ina kallo ta miƙo hagu za ta ɗauki ludayi, ta yi wuf ta janye kamar ta taɓa wuta. Ashe bahaguwa ce! Na ja ta bayan rumbu.

"Ke 'yar nan, wa ya hana ki hannunki?"

"Kakata ce, Inna. Ɗaure min shi take yi da tsumma. Ta ce abin kunya ne."

"Tuwo na ce ki ci da shi? Ci da dama, daka da wanda Allah ya ba ki."

Na sauya mata riƙo, na tsayar da ita inda gwiwar hannunta ba za ta bugi kowa ba, ni na ɗauki waƙa. Bugu uku na farko a tsorace ta yi. Na huɗu sai da ƙasa ta amsa.

Kafin la'asar mun gama. Ƙanwar mijin nawa tana haki ta ce, "Baiwar Allah, sassauta mana, kashe mu za ki yi?"

Da kaina na auna wa bazawarar kwanonta, na cika shi har yana zuba.