Ranar da Ƙasa Ta Motsa Yayana Yana Cikin Rijiya

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara koyar da kimiyya ba, na je hutu ƙauyenmu da ke gefen Dawakin Tofa. Rijiyar gidanmu ta ja baya, sai yayana ya shiga yasa, ni da kawunmu muna baki muna jan guga.

Da hantsi sai na ji ƙasa ta motsa a tafin ƙafata. Ruwan gugan da ke gefe ya yi rawa, ɓurɓushin ƙasa ya zuba cikin rijiyar. Mako guda kafin nan na gama koya wa ɗalibai cewa in aka yi girgizar ƙasa, ƙaramin motsi ne ke riga isowa saboda ya fi sauri, mai rusa gini yana biye da shi.

Na leƙa na kwarma ihu, "Yaya, fito! Babbar tana tafe!"

Daga can ƙasa ya ce, "Wace babbar? Guga biyu suka rage, miƙo mini."

Sai ga wata ƙara, dim, daga wajen tsauni. Kawu ya yi dariya ya ce, "Malam, masu fasa dutsen titi ne suka tayar da nakiya."

Na san ya yi gaskiya, domin ƙasa ta fi iska saurin kai motsi, shi ya sa ƙafata ta riga kunnena ji. Amma duk da haka na rungume gugan kamar jariri na ce ba zan zura ba sai ya fito. Ya hauro yana faɗa, wai boko ya mai da ni matsoraci. Har mahaifiyarmu ta leƙo tana tambayar wa ya mutu.

Muna zaune a inuwa ana yi mini tsiya aka tayar da nakiya ta biyu. Muka ji rugum a cikin rijiyar. Gefe guda ya zabtare, daidai inda yayana yake tsugune ɗazu.

Yayana ya daɗe yana kallon ciki, sannan ya zauna a ƙasa. Ba wanda ya ƙara dariya.

Lissafina kuskure ne, ba girgizar ƙasa aka yi ba. Amma ban taɓa jin kunyar tsoron nan ba. Yau yayana yana da 'ya'ya shida, kuma har yanzu in na tuna saura kaɗan in miƙa masa gugan don gudun dariya, sai in gode wa Allah da ban miƙa ba.