Alamar da Na Zana a Tafin Hannuna

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, akwai wata ranar Laraba da na san ba za ta tafi ba. A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ne, lokacin ina ji da kaina a aikin wutar lantarki, har an fara ce mini Injiniya ina amsawa ba kunya.

Wani Alhaji mai gidan ɗab'i a Gyadi-Gyadi ya aiko a kira ni. Aiki ya yi masa yawa, kowa na buga kalandar taya sababbin shugabanni murna, ga injin yanka takarda da ya sayo na hannu daga Turai ya ƙi tashi. Mai aiki da injin maƙwabcinmu ne, magidanci mai sanyin hali. Yakan jera takarda a ƙarƙashin wuƙa, ya janye hannuwansa ya danna maɓalli biyu, wuƙar ta sauko sau ɗaya ta koma sama ta tsaya, sannan ya zura hannu ya kwashe.

Na buɗe akwatin wuta na tarar da zanen wayoyin manne a murfin. Duk alamomin na san su, ban da guda ɗaya. Makunni ne dai, amma an ja masa layin ɗige-ɗige zuwa wani ɗan zagaye. Na gwada, na ga daidai nan wuta take tsayawa. Wayoyinsa biyu kuwa sun shige can cikin injin, inda sai an kwance ƙarfe kafin a gani.

"Injiniya, yaya dai? Mutane fa suna jira," in ji Alhaji.

"An gama, Alhaji. Tarkacen Turawa ne kawai."

A wancan zamani haka yawancinmu muke yi. Abin da ba ka gane ba, ka ɗauko guntun waya ka tsallake shi, mu ce an yi masa dairek. Na yi hakan, motar da ke juya injin ta ɗauki kuka, Alhaji ya washe baki. Kafin a gwada yanka sai aka ɗauke wuta. Na ce in ta dawo su ci gaba da aiki. Da zan fita na kwafi alamar da biro a tafin hannuna, ba don tsoron Allah ba, sai don in ƙure maigidana da ita.

Maigidan nawa dattijon Bayarabe ne da ya yi ritaya daga masaƙa, yana zaune a Tarauni, shi ya koya mini aiki. Na same shi a barandarsa yana fifita da kwali. Na miƙa masa hannu na ce, "Baba, yau na kawo maka wadda ba ka sani ba."

Ya kama hannun ya duba, bai yi dariya ba. "A wane inji ka gan ta?" Na faɗa masa. Ya ce, "Wannan zagayen 'yar taya ce. In wuƙa ta koma sama sai ta danna ta, makunnin ya ce mata ta tsaya. Ka taɓa shi?"

Na ce masa na tsallake shi.

"Ɗana, in ka tsallake shi, wa zai gaya wa wuƙar ta tsaya?"

Bai rufe baki ba fankar da ke samanmu ta fara juyawa. An kawo wuta. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Babu wayar hannu a lokacin, sai na fito a guje na haye acaɓa ina dukan bayan mai babur, idona ba ya ganin komai sai hannuwan maƙwabcina.

Tun daga ƙofar gidan ɗab'in na ji kukan injin. Maƙwabcina yana tsaye gaban injin yana daidaita takardun farko. Na wuce shi na ja babban makunni ƙasa. Alhaji ya taso da faɗa, na ce ya yi mini haƙuri minti biyu. Na karɓo sandar rake wajen mai tallar bakin ƙofa, na kunna, na sa maƙwabcina ya danna ya matsa baya. Wuƙa ta sauko ta koma sama. Na zura raken kamar mai kwasar takarda, sai ga ta ta sake saukowa ba wanda ya taɓa komai. Raken ya rabu biyu, ko ƙara bai yi ba.

Maƙwabcina ya dubi hannuwansa, ya juya su, ya ce a hankali, "Alhamdu lillahi." Ni kuwa na zauna a ƙasa ina jin daɗi da kunya a haɗe. Da muka kwance ƙarfen, ashe waya ɗaya ce ta tsinke a jikin makunnin, gyaran da bai ci rabin awa ba.

Da na zo alwalar azahar tawadar ta ƙi fita, ban kuma matsa mata ba. Tun daga ranar na koyi cewa duk alamar da ban gane ba, akwai wanda take tsarewa, kuma tambaya ta fi guntun waya sauƙi. Maƙwabcina ya tsufa yanzu. Kullum muka haɗu a masallaci da hannu biyu yake gaishe ni, ni kuma har yau sai na ƙirga yatsun a zuciyata.