Askar Garuba Wanzami

A Zangon Lome, duk wanda aka haifa wajen shekara arba'in da suka wuce, askar gidan su Garuba ce ta fara taɓa kansa. Kakansa ya zo da ita daga Katsina, ubansa ya riƙe ta da mutunci, ta faɗo hannun Garuba, nan ta gamu da gamonta.

Da fari ba laifi, hannunsa sanyi gare shi. Jariri na barci yake aske shi tas. Sai son a sani ya ja shi cikin 'yan rawar jam'iyya, masu wuni a rana suna tsalle da waƙa in za a tari manyan baƙi. Wanzami guda, mai 'ya'ya huɗu, yana karkaɗa ƙugu cikin rigar atamfa. A can wani makaɗi ya ba shi ƙwayar hana gajiya, irin wadda mata ke tallarta a faranti tare da maganin ciwon kai. Ba a Zango kaɗai ba, 'yan dakon tashar jirgin ruwa da direbobi duk ita suke watsawa a kofi. Su dai kaya suke ɗauka. Shi kuwa kawunan 'ya'yan mutane yake riƙewa.

Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama biyar. Ido ya yi ja, baki ba ya rufuwa, hannu ya kama rawa ko babu kiɗa. Da ya yanki kunnen wani yaro ɗan unguwar Adakpame, sai ya ce yaron ne ya motsa. Mutane ba su yi masa faɗa ba, Tchakoura kawai suka koma kira, wani Bakotokoli ɗan arewacin Togo da ya koyi aski a gidansu. Garuba ya ce hassada ce. Sakarai, gida ɗaya ya rage masa a duk Zango, nasa.

Sai 'yarsa Barakatu ta haifi ɗan fari, namiji, aka ce sunan Garuba za a sa wa yaron. Garuba ya rantse shi zai yi askin suna, kowa ya gani da idonsa. Don ya burge, ya bar ƙwaya kwana biyu cur. Bai san ta riga ta zama uwargijiyarsa ba. Ranar suna da hantsi ya shimfiɗa tabarma, ya buɗe zabira, gumi na zuba, askar na kaɗawa a hannunsa kamar ganye.

Kowa ya san mace ba ta kallon ɗan farinta a gaban mutane, balle ta yi magana a kansa. Barakatu ta ajiye kunyar nan, ta fito tsakar gida, ta karɓe ɗanta daga hannun ungozoma.

"Baba, ka yi masa addu'a," in ji ta. "Askin, a bar wa Tchakoura."

Ba wanda ya tsawata mata. Tchakoura ya matso ya durƙusa.

"Maigida, ara mini askar gida. Ita ta dace da shi."

Garuba ya miƙa. Sai da Tchakoura ya kama masa wuyan hannu ya tsayar da shi, sannan ya iya zare ta.