Huji Biyar a Gaba, Huji Shida a Baya

Duk wanda ya san Baffa, yayan mahaifina, da motarsa ya san shi. Akori-kura ce fara, ko in ce ta taɓa zama fara, wadda kakanmu ya bari. Da ya rasu ba a yi jayayya ba. Baffa direba ne, sai ya ɗauki makulli. Babana makanike ne, sai ya ɗauki akwatin sifanu. Kaka ta ce haka marigayin ya so, ɗaya ya tuƙa ɗaya ya gyara. Gida ɗaya muke, sashen Baffa a hannun dama in ka shigo, namu a hagu, motar kuma tana kwana a ƙofar gida da dutse a bayan tayarta.

Yashi da bulo Baffa yake ɗauka tun kafin a haife ni. Mutum ne da ba ya roƙo. Ko gishiri ya yi kaɗan a abinci ba zai ce a ƙaro ba, sai dai ya ture kwanon ya ce ya ƙoshi. In motar ta samu matsala ba ya cewa komai. Zai ajiye ta a bakin garejin Baba, ya ɗora makulli a kan benci, ya yi tafiyarsa. Baba ne zai tayar, ya saurara, ya gano ciwon. Haka suka yi shekaru, kuma a wajen Baffa hannun ƙaninsa wani ɓangare ne na gadon, kamar sitiyari.

Sai Dogo ya sayo irin motar. Dogo abokin aikin Baffa ne, a tasha ɗaya suke jiran lodi. Gawa ya sayo, da igiya aka jawo ta garejin Baba. Baba ya duƙufa a kanta. Ya canza giyabos, ya canza aksil, wato ƙaton ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyin baya, ya canza maɗaurin tayoyin gaba, har motar ta koma ɗaukar wili, ƙarfen da ake sa taya a kai, mai huji shida maimakon mai huji biyar na asali. Ranar da ta fito da faffaɗan tayoyi, wilinta na ƙyalli, 'yan tasha suka kewaye ta suna shafawa. Dogo kuwa duk wanda ya tambaya sai ya nuna Baffa ya ce, "Aikin ƙanin wancan ne."

Daga ranar Baffa ya laƙaba wa Baba suna Injiniya.

"Injiniya, an dawo? Ya mai jikin? Ina nufin amaryar Dogo."

"Ta warke, Yaya."

"Madalla. Mu da muke gida ai ba ma ciwo."

Baba ya yi dariya ya wuce, don ya ɗauka wasa ne. Ni da nake share tsakar gida na ga fuskar Baffa, babu wasa a cikinta. Ba tayoyin ne suka tsaya masa a rai ba. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne ƙaninsa ya kwanta a ƙarƙashin motar wani har gashin kansa ya yi giris, ya yi mata abin da bai taɓa yi wa ta mahaifinsu ba.

Kaka ta lura. Wata rana yana alwala a bakin rariya ta ce masa, "In kana son irin ƙafafun nan, ka buɗe baki mana. Ƙaninka ne."

"Ni zan roƙi wanda na goya? Yana da ido ai."

Umma ta kai wa Baba maganar. Baba ya ce, "Motar Yaya lafiyarta ƙalau, me zan taɓa? Ta Dogo ba a samun kayanta ne, dole na haɗa mata na wata. Wadda aka bari yadda aka ƙera ta ai ita ce mai gata." Gaskiya ya faɗa, amma a ɗakin Umma ya faɗe ta, bai tsallaka tsakar gida ya faɗa wa yayansa ba.

Baffa ya daina ajiye makulli a kan bencin. Ya je wajen masu sayar da tsofaffin kayan mota ya sayo wili biyu masu huji shida, ya ɗaga motar da jak a bayan gida inda yake zaton ba mai gani. Ya kara wilin, ya juya, ya sake juyawa. In huji ɗaya ya shiga, sauran sai su kauce. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta leƙo ta katanga ta ce, "Malam, biyar dai ba ta zama shida don an matsa mata." Ya ce ta koma wajen tukunyarta.

Ya kai wa mai walda ya ce ya huda sababbin huji. Mai walda ya ce shi ba zai ɗauki alhakin rai ba, amma ya san wani makanike a bayan kasuwa da zai canza aksil ɗin gaba ɗaya. Can Baffa ya kai ta. Aka cire na kakanmu, mai tsofaffin kaya ya karɓe shi ya bayar da wani mai huji shida da aka ciro daga wata mota. Da aka zo haɗa farfela, doguwar sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa baya, sai ta gaza tsawo. Aka yanka aka yi mata ƙari. Gaba kuwa aka bar shi yadda yake.

Ya dawo gida da yamma yana danna ham tun daga kan kwana. Bayan motar ya ɗaga, ƙafafunta sun fito waje kamar ta saka takalmin aro. Baba ya fito, ya zagaya ta, ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Ya daɗe a durƙushe.

"Wa ya yi maka, Yaya?"

"Garin ai ba makanike ɗaya ba ne."

"Ina tsohon?"

"Inda tsofaffi suke zuwa."

Baba ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa ya shige ciki. Daga nan gaisuwa kawai ta rage a tsakaninsu, ita ma a taƙaice. Abincin da suke ci a faranti ɗaya a soro ya koma kowa a ɗakinsa. Kaka ta rame. Ni kuma na zama 'yar aike tsakanin ɗakuna biyu da ke kallon juna.

A kan kwalta, babu lodi, motar gudu take kamar ba ita ba. Baffa ya riƙa wuce Dogo a hanya yana ɗaga masa hannu. Sai dai tana karkarwa har madubi ba ya nuna komai, kuma dole ya riƙa yawo da safaya biyu, don ta gaba ba ta shiga baya. 'Yan tasha suka ce motar Baffa ta zama gida biyu. Ya ce hassada ce.

Inda asiri ya tonu shi ne ramin yashi. Akwai hawa a bakinsa, wanda motar ta saba hayewa a giya ɗaya da lodi har saman bodi. Ranar ta kai rabi ta tsaya tana kuka. Baffa ya taka, ya sake takawa, warin kuloci ya cika wajen. Masu lodi suka sa duwatsu, suka sauke rabin yashin, duk da haka ta ƙi. Ta tare hanya, kuma motar da ke bayanta ta Dogo ce. Shi ya ɗaura igiya ya ja ta, bai tambayi inda za a kai ta ba, ya kawo ta ƙofar garejin Baba.

Ina wajen, na kawo wa Baba abincin rana. Baffa ya fito riƙe da makulli. Ya dubi bencin, bai ajiye ba, bai kuma tafi ba.

Baba ya ɗaga ƙafafun baya da jak, ya ɗauko alli ya yi zane a jikin taya, ya yi wani a jikin farfela. Ya shige ƙarƙashi.

"Yaya, juya min tayar a hankali, har allin ya dawo inda yake."

Baffa ya tattare riga ya tsuguna ya juya. Baba yana ƙirga juyin farfela a ƙasa.

"Ka gani? Wannan aksil na motar gudu ne. Na mahaifinmu, kafin taya ta zagayo, farfela ta fi haka juyawa, shi ya sa take ja kamar bajimin sa. Ga shi ka ƙara mata manyan tayoyi. Ka mayar da ita mai tsere, ita kuwa 'yar dako ce."

"To ka dawo da tsohon."

"Na je wajen mai tsofaffin kayan tun washegari. An riga an loda shi an kai narkawa."

Baffa ya riƙa murza allin da ya manne masa a hannu. Ban taɓa ganin idonsa ya kaɗa haka ba. Can ya ce, "Ka yi wa bare, ka bar na gida."

"Ban san kana so ba."

"Sai na faɗa?"

"E, Yaya. Mota nake iya saurara, ban iya sauraren mutum ba."

Baba ya ce za a nemi haƙoran cikin aksil masu ja a saka, a samo farfela da ba a yi wa ƙari ba, a canza kuloci. Gaba zai zauna a biyar har sai an dace da nasa. Aikin zai ɗauki lokaci.

Dogo, wanda ke tsaye yana naɗe igiyarsa, ya matso ya ce, "Maigida, tunda na zo, birkina na ɗan kama gefe ɗaya. Ko za ka duba min yanzu?"

Daga ƙarƙashin mota Baba ya ce, "Sai na gama da ta Yaya. Ba zan taɓa wata ba sai ta sauka daga jak."

Baffa ya jawo wata tsohuwar taya ya zauna a kai, ya janyo akwatin sifanun kusa da ƙafarsa. Bai ɗaga kai ya dubi Dogo ba ya ce, "Ka ji ai. Akwai wani makanike a bayan kasuwa, in kana sauri in kwatanta maka." Sannan ya sunkuya ya ce, "Wace sifana za a miƙo?"