Ƙyallin da Torgny Ya Daina Ji

Torgny Rehnström mai haɗa sautin waƙa ne a garin Arvika. Situdiyonsa yana bayan gida, a ɗakin da surukinsa yake ajiye kwale-kwale da ragar kifi a da. Fiye da shekara talatin makaɗan rawa na wannan yanki na Värmland nan suke kawo waƙoƙinsu, har da masu akodiyon, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa kamar zugazugi, da mawaƙan coci idan Kirsimeti ta matso. Na san shi tun ina ɗauko wa jaridarmu labarin wasannin rawa na ranar Asabar. Dogon mutum ne, ba ya son surutu, kuma in yana saurare yakan karkatar da kai gefe guda ya lumshe ido.

Abin da aka san shi da shi ƙyalli ne. Muryar da aka ɗauka da makirufo takan fito a dushe, kamar mai magana ta bayan labule. Amma a saman kowane sauti akwai wani siririn amo, wanda ke cikin numfashin mawaƙi, da shafar yatsa a tsirkiyar jita, da kaɗawar faifan ƙarfen ganga. Shi ake ɗagawa da ikwalaiza. A da na'ura ce mai maɓallan murɗawa. Daga baya ta koma manhaja a kwamfuta: layi ɗaya a kwance a kan allo, hagu sauti mai kauri, dama siriri. Ka kama ƙarshen dama da linzamin kwamfuta ka ɗaga, sai waƙa ta washe. Torgny yakan ce aikin kamar sa gishiri ne a miya, kuma hannunsa ya san gwargwado. Ɗan kaɗan yake ɗagawa, ya tsaya.

Wadda ta fi kowa cin moriyar hannun nan ita ce Majvor Östlund. A ranakun mako tana aiki a kantin magani, ranar Asabar ta sa riga mai walƙiya ta hau dandamali. Muryarta mai kauri ce, da ɗan dishi-dishi. A faifan da Torgny ya haɗa kuwa sai ka ji kamar tana tsaye kusa da kunnenka. Duk faifanta shi ya yi, tun na farko. Bara ta ce za ta yi na ƙarshe ta huta, domin gwiwa ta fara ƙi kuma numfashi ya gajarta. Tambayar da ta rage ita ce wa zai haɗa shi. Shekara goma da suka wuce da ba wanda zai yi wannan tambaya.

Kunnen mutum daga sama yake fara mutuwa. Siririn amon nan shi ke fara tafiya, a hankali, ba ciwo ba alama. Torgny ya yi rayuwarsa tsakanin lasifika biyu, kafin nan kuma ya yi shekaru a gefen dandamali kusa da ganga. Da amon ya fara ɓace masa, bai ji kamar ya rasa komai ba. Abin da ya ji shi ne makirufon zamani sun lalace, kuma mawaƙa sun daina buɗe baki. Sai ya ƙara ɗaga layin. Shekara ta zagayo ya ƙara. A kunnensa waƙar tana nan yadda take tun asali. A kunnen kowa kuwa ta zama allura. Duk inda Majvor ta furta sautin s sai ka ji kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai.

Ba wanda ya gaya masa. Mutanenmu ba sa faɗa wa mutum aibinsa a ido, balle wanda matarsa take kawo maka gahawa da burodin kirfa kullum da la'asar. Sai aka nemi wata hanya. Sören Bjurman, makaɗin gangar Majvor, direban motar katako ne, kuma ya san wata mata a birnin Karlstad mai yi wa faifai gyaran ƙarshe. In Torgny ya gama ya miƙa aiki, sai a yi masa godiya, Sören ya tura wa matar ta sauke abin da ya ɗaga, sannan a buga. Faifai uku aka yi haka. Torgny in ya ji su a rediyo sai ya yi tsaki ya ce gidan rediyon ne ke dusashe waƙa.

Ranar da abin ya fito, ya je kasuwa ne ya ga faifai na uku a kan teburin wani mai sayar da tsofaffin kaya, ya saya don ya gwada zarginsa. Ya sa shi a kwamfuta kusa da nasa aikin. Manhajar tana zana siffar sauti, sai ya ga zane biyu. Daga hagu har tsakiya ɗaya suke. A dama kuwa zanen faifan ya gangara ƙasa sosai, kuma gangarar a tsare take, an kewaye muryar Majvor a hankali don kada a taɓa kaurinta. Na'ura ba ta yin haka. Wannan hannun wanda ya san aiki ne.

Da la'asar ɗin nan Majvor da Sören suka zo maganar sabon faifai. Gunnel, matar Torgny, ta kawo gahawa. Ita ta ba ni labarin abin da aka faɗa, Sören kuma ya tabbatar.

Torgny ya juyo musu da allon. "Wa ya aske min aiki?"

Sören ya leƙa, da burodi a baki. "Kai tsoho, ni wannan zanen tsutsa ba na gane shi. Ganga nake bugawa."

"Ka gane. Wa ya taɓa?"

"To, in an taɓa ma ai gyara ne. Ko motata ana kai ta gareji."

"Motarka da ke tari tun zamanin kakanka? Ni ba motarka ba ne, Sören."

Majvor ta ajiye kofi. "Torgny, mu ne. Mun kai Karlstad."

"Wannan kaɗai?"

"Da biyun da suka gabace shi."

Torgny ya juya gare ta. "Me ya same su?"

 Sören ne ya faɗa, kuma cikin raha ya so ya faɗa, amma ba ta fito a raha ba. "Karena yana barin ɗaki in na sa su, tsoho. Abin yana yanka kunne."

"Kuma kuka zauna nan kuna cin burodin matata, kuna ce min ya yi kyau."

"Haba Torgny," in ji Majvor. "Ta yaya zan fara?"

"Da baki. Da shi kike waƙa."

Suka tafi ba su shanye gahawar ba.

Watan Agusta ne. Da yamma Gunnel ta ja shi zuwa bakin ciyawar da ke gangarawa tafkin da ke kusa da gidansu, ta ce ya tsaya.

"Me kake ji?"

"Iska. Da babur can a hanya."

"Gyare fa?"

"Wane gyare? Sun ƙare. Maganin ƙwarin manoma ya kashe su tuntuni."

"Torgny, ko maganata ba na ji sosai saboda kukansu."

 Ya durƙusa ya kai kunnensa kusa da ciyawar, ya karkatar da kai yadda yake yi a gaban lasifika. Ya daɗe a haka. Da ya tashi gwiwar wandonsa ta jiƙe, ya ce sanyi ya fara, su shiga ciki.

A asibitin kunne suka sa masa abin saurare, suka ce ya danna maɓalli duk lokacin da ya ji ƙara. Ya danna, ya danna, sai ya zauna yana jira, ma'aikaciyar tana kallonsa ta gilashi. Da ta nuna masa sakamakon a allo sai ya yi 'yar dariya, domin layi ne a kwance da ya faɗi a ƙarshen dama. Ya ce mata ya san wannan layin, shi ne nasa na situdiyo an kifa shi. Aka ba shi na'urar ji guda biyu. Da su yana jin ƙarar cokali da tafasar ruwa a buta, har da gyare. Amma ya ce ba a haɗa waƙa da su, domin su ma ikwalaiza ce, wani ne ya saita ta, kuma ba zai auna miya da harshen aro ba. In zai shiga situdiyo sai ya cire su ya ajiye a kan taga.

Sören ya so a kai sabon faifan Karlstad kai tsaye, a huta da wahala. Ba mugunta ba ce. Ya ce a bar dattijo da mutuncinsa. Majvor ta yi makonni ba ta yanke shawara ba. A ƙarshe Torgny ne ya same ta a kantin magani, ya bi layi kamar kowa, da ya iso gabanta ya ce:

"Ba magani na zo saya ba."

"Na sani. Ba ka taɓa yarda kana ciwo ba."

"Ki ba ni faifan in haɗa. In na gama, ni da kaina zan tura wa matar nan ta duba. In ta taɓa ko gashi ɗaya, ki cire sunana."

"In kuma ya yi allura?"

"Gunnel za ta zauna."

Haka aka yi. Aka ɗauki waƙoƙin a watan Oktoba, ruwa yana zuba kusan kullum. Da aka zo haɗawa Gunnel ta kawo kujerarta da saƙarta ta zauna a bayansa, daidai tsakiyar lasifikan. Ba ta san komai a aikin ba, kunne kawai take da shi. Sharaɗin shi ne ya riƙa ɗaga layin a hankali, in ta ji ya fara suka ta ɗaga tsinken saƙa. Na je wata rana na zauna a gefe.

Ya sa waƙar da Majvor ta yi wa mahaifiyarta, mai tafiya a hankali da akodiyon. Ya kama ƙarshen dama ya fara ɗagawa. Muryar ta buɗe, na ji numfashinta tsakanin kalmomi. Ya ƙara kaɗan. Gunnel ta ɗaga tsinke.

Ya gan ta a gilashin taga. "Ban fa taɓa komai ba tukuna."

"Ka taɓa."

"Gunnel, layin ko motsi bai yi ba."

"To ni dai ya sosa min haƙori."

"Haƙoranki na roba?"

"Su ma suna da hakki. Sauke."

Ya sauke kaɗan. Ta mayar da tsinken cikin zare. Ya sake sa waƙar daga farko, ya karkatar da kai, ya lumshe ido. Ni abin da na ji shi ne muryar Majvor ta shekarun baya, kusa da kunne, da ɗumi. Da ta ƙare na tambaye shi yadda ya ji.

"Kamar an lulluɓe lasifikan da bargo," in ji shi. "Hannuna ƙaiƙayi yake."

Wani lokaci hannun yakan ci nasara. Gunnel in ta fita ɗora abinci, ta dawo sai ta tarar layin ya hau, shi kuma ya rantse bai sani ba. Daga baya in za ta fita sai ta tafi da linzamin a aljihun rigarta. Sun yi faɗa a kan wannan fiye da sau ɗaya. Wata waƙar ma sai da suka bar ta kwana biyu ba sa magana, sannan suka koma.

Kafin Kirsimeti ya gama, ya tura Karlstad da kansa. Matar ta bugo waya, Gunnel ce ta ɗauka domin shi waya tana ba shi wahala. Ta ce ta saurara sau biyu, ba abin da za ta taɓa. Aka buga faifan da sunansa. Majvor ta zo da furanni tana hawaye, Sören ya kawo kwalbar giya da yankin naman barewar da ya harbo, ya ce karensa ya kwanta a gaban lasifika har waƙa ta ƙare. Torgny ya yi dariya yadda ya kamata, ya yi musu godiya, Gunnel ta kawo gahawa.

Bai sake karɓar aiki ba. Mawaƙan coci sun nema, ya ce su je Karlstad, ya ba su lambar matar. Gunnel ta ce ta yi masa tayin ci gaba da zama a kujerar, ya ce a'a. Ya ce mata abin da yake so a aikin ba sunansa a bayan faifai ba ne, wannan lokacin ne da layi ke hawa, murya ta buɗe, ka ji ta da kanka ka san nan ne wurin tsayawa. In wani ne zai riƙa gaya masa, to ya zama mai riƙe linzami kawai.

Na koma gidan a watan Fabrairu, dusar ƙanƙara ta kai gwiwa a hanyar situdiyon, ba a share ba. An sayar da lasifikan. Soson da ke shanye amo yana nan manne a bango, shi ya sa in ka yi magana a ɗakin muryarka take faɗuwa a gabanka. A tsakiya akwai kwale-kwalen maƙwabcinsu a kife, yana jiran bazara. Faifan Majvor yana kan taga cikin ledarsa, ba a buɗe ba.

Na ce masa a gidan rawa na garin Charlottenberg kullum sai an sa waƙar mahaifiyar nan, kuma tsofaffi suna tashi su yi rawa da ita. Ya gyara na'urar kunnensa ta hagu, ya ce in maimaita. Na maimaita.

"Sun ce yana da daɗi," in ji shi. "Na yarda da su."

Ya kashe fitila, muka bi sawunmu a cikin ƙanƙara muka koma cikin gida.